Kan Canter, Injin Isuzu, Bodin Katako: Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Mota Marar Hanci a Yankin Mafara

Idan kana yawan kallon bidiyon motoci a YouTube ko TikTok, da wuya ba ka taɓa cin karo da irinsu ba. Wani Ba'amurke zai jawo kan tsohuwar motar kaya ƙirar Ford ko Chevrolet ta shekarun 1940 ko 1950 daga bayan gona, ya kankare tsatsa, ya ɗora shi a kan shasin wata mota ta zamani, ya dasa injin wata ta uku, ya fesa fenti mai sheƙi. Sai ya shekara biyu ko uku yana abu ɗaya a garejin gidansa, kuma in ya gama, ko buhu ɗaya motar ba za ta ɗauka ba. Ta zuwa baje koli ce.

Wannan aikin da suke yi don nishaɗi, a Talata Mafara da Bakura da Maradun ana yin sa ne don a ci abinci. Ka tsaya bakin titin Gusau zuwa Sakkwato ranar Talata, ranar da kasuwar Mafara ke ci, ka lura da motocin da ke sauke shinkafa da albasa da dankali da rake. Da yawansu in ka bi su gaɓa-gaɓa, ba kamfani ɗaya ya haife su ba. Kai na Mitsubishi ne, inji na wata ce da ta yi haɗari, aksul ɗin baya an ciro shi daga wata da ta fi ta girma, bodi kuwa kafinta da mai walda ne suka haɗa shi a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro.

Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma ba a jami'a na koya ba, da waya da tsohuwar kwamfuta na koya. Wataƙila shi ya sa irin wannan mota take ɗaukar hankalina. Duk wanda ya taɓa ɗinka manhaja daga guntayen da mutane daban-daban suka rubuta ya san cewa kowane guntu yana iya zama lafiya lau shi kaɗai, amma matsala tana kwance a wurin da biyu suka haɗu. Haka abin yake a mota. Bambancin kawai, manhaja in ta faɗi sai a sake kunna waya, ita kuwa mota mutane take ɗauke da su.

Me ya sa marar hanci?

Motocin kaya iri biyu ne. Akwai mai hanci, wadda inji ke gaba, direba na bayansa. Akwai kuma marar hanci, wadda direba ke zaune a saman inji, gilashin gaba ya zama shi ne ƙarshen mota. Canter ta Mitsubishi, wadda aka fara ƙerawa a 1963, da Dyna ta Toyota da Elf ta Isuzu, waɗanda suka fito a 1959, duk marasa hanci ne. Haka DAF ta ƙasar Holan, wadda sunanta ya zame mana sunan kowace babbar mota.

Doka ce ta raba duniya biyu a kan wannan. A Turai an ƙayyade tsawon tirela gaba ɗaya, da kai da jela, kada ya wuce mita 16.5, don haka duk mitar da hanci ya ci ta fita daga wurin kaya. A Amurka kuwa wata doka ta 1982 ta cire kan mota daga lissafin tsawo, sai kamfanoni suka koma wa dogon hanci, marasa hancin suka zama kayan tarihi da masu sha'awa ke farauta. Mu da yake daga Turai da Japan motocinmu na hannu suke zuwa, marar hanci ita ce ta yau da kullum.

Kuma ta dace da mu. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an tsara ta ne don ta shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a tsakanin waɗannan ƙananan hukumomi uku. Hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa zuwa gonakin ƙanana ne, ga kwana, ga laka. Mota marar hanci tana juyawa a ɗan wuri, direba na ganin ramin da ke gaban tayarsa, kuma kusan duk tsawon shasinta na kaya ne. Aibinta biyu, kuma ba ƙanana ba ne. Zafin inji a ƙarƙashin direba yake, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Sannan in aka yi taho-mu-gama, babu wani hanci da zai sha dukan kafin ya iso ga ƙafafun direba da yaron mota.

Tsohon inji da sabon inji

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Nijeriya ta kafa masana'antun haɗa motoci da haɗin gwiwar kamfanonin waje: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Fiat a Kano. Da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye, masana'antun suka yi ta durƙushewa. Abin da ya rage shi ne tsofaffin motocin da kuma kanikawan da suka san cikinsu. Tun da aka saki naira a 2023 kuwa, ko ta hannu 'yar Kwatano ta zama sai wane da wane.

Amma ba tsada kaɗai ke sa a riƙe tsohuwa ba. Ɗauki injin OM352 na Mercedes, mai silinda shida da lita 5.7, wanda ya fito a 1964 kuma ya ja motoci irin su 1113 da 1413. (Lambobin nan ma bayani ne: 1413 na nufin nauyin tan 14 da ƙarfin doki kimanin 130, kamar yadda 911 ke nufin tan 9 da doki 110.) Ko ka ɗauki 4D34 na Canter mai lita 3.9, da 4BD1 na Isuzu, da 14B na Toyota. Asalin waɗannan injuna ba su da ƙwaƙwalwa. Famfon injekta ƙarfe ne ke juya ƙarfe. In ya sami gas da iska, ya tashi, ko an cire batir zai iya ci gaba da aiki. Kana iya kwance shi a kan tabarma, ka ga abin da ya ci da idonka, ka kai wa mai injin tuni ya gyara.

A yaren masu manhaja, wannan buɗaɗɗiyar manhaja ce: kowa na iya karanta ta, ya gyara, ya ɗauki wani sashe ya kai wani wuri. Sabbin motocin Turai kuwa, musamman waɗanda suka fito daga 2005 zuwa yau, rufaffu ne. Kwamfuta ke sarrafa fesa mai, da matsin da ke kai wa ba 1,600 ko fiye, alhali tsohuwar nozul tana buɗewa a wajen ba 200. Ɗan ruwa ko ƙura a gas ɗin bumburutu ya isa ya kashe famfon. Ƙwaƙwalwar inji tana magana da ta giyabos da ta makulli, kuma in ba ta ji muryar 'yar'uwarta ba sai ta ƙi tashi. Ba za ka ciro irin wannan injin ka jefa cikin wata mota da sifana da walda kawai ba.

Inda biyu suka haɗu

Yadda aikin ke tafiya, shasi ake fara nema, don shi ne ƙashin bayan mota kuma lambarsa ce ke kan takardu. Daga nan a nemo kai, wanda ake samu daga motar da ta ƙone inji ko wadda aka yanka aka shigo da ita a matsayin kayan gyara. Inji da giyabos akan yi odarsu daga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Samun kayan ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce sa su yarda da juna.

Haɗuwa ta farko tsakanin inji ce da giyabos. Manyan motoci suna da ma'auni na bai ɗaya da ake kira SAE, mai lamba 1, 2, 3 da sauransu. Idan bayan inji SAE 2 ne, bakin giyabos ma SAE 2 ne, ramukan noti za su hau juna ko da kamfanoninsu ba ɗaya ba ne. Kamar kebul ɗin caji ne na USB-C, wanda ba ruwansa da sunan waya. Ƙananan motocin Japan kuwa kowane kamfani yakan bi nasa tsarin, shi ya sa gogaggen bakanike ya fi so a sayo inji da giyabos ɗinsa tare. In dole sai an haɗa bare da bare, sai an yanka farantin ƙarfe a tsakani, kuma dole tsakiyar biyun ta zo daidai. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya riƙa cin kuloci da boris duk bayan 'yan watanni, mai mota yana ta zargin jabun kaya.

Haɗuwa ta biyu ita ce wadda na fi so, domin lissafi ce tsantsa kuma wayarka za ta yi ta cikin minti ɗaya. A cikin aksul ɗin baya akwai haƙora biyu, babba da ƙarami. Idan babban yana da haƙori 40, ƙaramin 7, ka raba, ka sami 5.7. Ma'ana farfela sai ta juya sau 5.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tayar 7.50R16, irin ta Canter, tana cin kimanin mita 2.5 a juyi ɗaya. To a ce inji na juyi 3,000 a minti, a giyar da farfela ke juyi daidai da inji. Ka ninka 3,000 da 2.5 da 60, ka sami mita 450,000, ka raba da 5.7. Motar za ta yi kusan kilomita 79 a awa.

Yanzu canza aksul. Ka sa mai 6.6, gudun ya sauko zuwa 68, amma za ta fito daga lakar fadama da cikakken lodi ba tare da kuka ba. Ka sa mai 4.9, gudun ya kai 92, sai dai za ta yi ta cin kuloci a duk lokacin da za ta tashi da kaya. Babu wanda ya fi wani a cikinsu, ya danganta ga aikin motar. Mai jigila daga gonakin Bakura zuwa kasuwar Mafara da mai kai albasa Kano ba buƙatarsu ɗaya ba. Abin takaici shi ne sau da yawa ana sayen aksul ne don shi aka samu da araha, sai an ɗora a gane halinsa. Ga shi kuwa ba sai an buɗe ba ma ake ganewa: ka ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar na ƙasa, ka yi wa farfela alama da alli, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Adadin da ka samu shi ne lambar.

Ita kanta farfelar, in an tsawaita ta ko an rage, tana da sharuɗɗa. Kusurwar da take yi da giyabos da wadda take yi da aksul su zama kusan ɗaya, kuma ƙanana, digiri uku ko ƙasa da haka. Kunnuwan gaba da na baya su kalli gefe ɗaya. In aka saɓa, motar za ta riƙa kakkarwa a wani gudu na musamman, har wata rana kuros ya balle. Kusan kowace wayar Android tana da na'urar da ke gane karkata, wadda ke juya maka allo in ka kwantar da waya. Manhajar auna kusurwa ta kyauta tana amfani da ita. Ka cire rigar wayar, ka kwantar da ita a kan farfela, ka karanta.

Sauran ƙananan tarkuna suna da yawa. Yawancin waɗannan motocin gas wutarsu bolt 24 ce, batir biyu a jere, don haka fitila ko rediyo ko cajar waya ta bolt 12 tana shiga za ta ƙone. Tsofaffin motocin kaya na Japan kuma notin tayoyinsu na gefen hagu a juye yake ɗaurewa, za ka ga harafin L a kansa. Yaron gareji da bai sani ba sai ya hau sifana da ƙafa har ya karya ƙusar.

Wuraren da ba a yi musu dabara

Akwai sassa uku da a ganina bai kamata hikimar gareji ta taɓa su da ka ba.

Birki ne na farko. An ƙera shi ne daidai nauyin da kamfani ya rubuta a farantin mota. Canter mai tan uku buhu 30 ke nan na kilo 100. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara ganyen sifirin don kada motar ta zauna, a sa inji mai ƙarfi don ta ja, a loda mata ninki biyu. Sifirin ya ɗauka, inji ya ja, amma birkin na nan yadda yake. Nauyi in ya ninka, aikin birki ya ninka. Gudu in ya ninka, aikin birki sau huɗu yake ninkuwa. Duk wannan aikin zafi yake komawa, kuma in ganga ta yi zafi sosai, ka taka har ƙasa motar na tafiya. Haka nan in aka sa babban aksul aka bar ƙaramin masta, man da yake turawa ba zai ishi manyan silindojin ba. Wanda ya canza aksul, dole ya canza lissafin birki gaba ɗaya.

Na biyu sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, Japan kuwa har gobe a hagu suke tuƙi, don haka motar da aka yi wa kasuwarsu sitiyarinta a dama yake, kuma doka ba ta yarda da shi a titunanmu ba. Sai an juya. Juyin kirki shi ne a samo akwatin sitiyari da hannunsa da sandunansa na asalin mai hannun hagu, a ɗaure da noti. Juyin araha shi ne a yanka sanda a yi mata walda. Ƙarfen sitiyari an dafa shi ne ta hanya ta musamman, wutar walda tana canza halinsa, sai ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Idan za ka sayi haɗaɗɗiyar mota, ka ɗaga kan, ka haska tocin waya a kowace sandar sitiyari. Ka ga ɗinkin walda, ka bar ta. Tun da ka ɗaga kan, ka duba makullin da ke riƙe shi in an sauke, don kan da bai kulle ba yana iya kifawa gaba a birkin gaggawa.

Na uku shasi. Ana tsawaita shi don a sami dogon bodi, kuma kamfanonin da kansu sun yarda da hakan, amma da ƙa'ida: a yanka a karkace ba a miƙe ba, a sa wani ƙarfen ta ciki ya haye wurin ɗinkin sosai, kada a huda ko a yi walda a leɓen sama da na ƙasa, domin su ke ɗauke da nauyin. Kafin a ɗora komai, a auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan akasin haka. In awon biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta yi tafiyar kaguwa tana cinye taya.

Wani zai ce ai mota ta lalace a hanya ba sabon abu ba ne. A da haka ne, a kwana a gyara da safe. Yau duk wanda ke bin hanyoyin Maradun da Bakura ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a daji da la'asar sakaliya. Ba tumatirin da zai ruɓe ake tunani ba. Notin da aka ɗaure da waya don a lallaɓa yana iya zama sanadin a kwashe mutum biyar.

Abin da mai waya zai kawo gareji

Ba na cewa matashi ya shiga gareji da waya ya koya wa wanda ya shekara talatin yana kwance inji sana'arsa. Kunnen tsohon bakanike yana jin abin da babu manhajar da za ta ji. Amma akwai gurabe da waya ke cikewa. Farantin da ke jikin kai da Japananci ko Jamusanci yake, kyamarar Google Lens za ta fassara shi. Lambar da ke jikin famfo ko boris in ka bincika ta a intanet, sau da yawa za ka ga jerin motocin da take shiga. Kafin a tura kuɗi Kano, a yi kiran bidiyo ta WhatsApp, mai kaya ya ɗora tef a kan ramukan noti kana gani. Agogon gudu kuwa kusan kullum ƙarya yake yi bayan an canza aksul ko taya, sai a gwada shi da manhajar GPS, wadda tauraron ɗan'adam take saurare, ba ta buƙatar sabis.

Maganar sabis ta tuna mini: a Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na makonni da dama. Littafin gyaran injinka ka sauke shi ya zauna a cikin waya, kada ka dogara da cewa za ka buɗe shi a intanet ranar da kake buƙata. Sannan 'yar na'urar nan ta ELM327 da ake sayarwa don karanta ciwon mota da waya, ba ta da abin karantawa a injin da ba shi da ƙwaƙwalwa, kuma yawancinsu na bolt 12 ne. A sababbin manyan motoci sai ka nemi mai jure bolt 24 wadda ta iya yaren J1939.

Babban giɓin da na gani shi ne rubutu. Haɗaɗɗiyar mota ba ta da littafi, littafinta yana kan mutumin da ya haɗa ta. Ranar da ya yi tafiya, ko aka sayar da motar zuwa Maraɗi, sabon mai ita zai je ya sayi birkin Canter don ya ga an rubuta Canter a goshi, alhali aksul ɗin na wata ce dabam. Shafi ɗaya a Google Sheets, ko ma littafin makaranta a aljihun mota, ya wadatar: kowane sashe daga wace mota ya fito, lambarsa, lambar aksul, girman masta, ranar da aka ɗora, da hotonsa kafin a rufe.

Wannan rubutun yana da wani amfani a shingen jami'an tsaro. Lambar shasi da ta inji su ne shaidar mota, kuma in inji ya canza, takardu ma sai sun nuna hakan. A je ofishin masu duba lafiyar motoci da na lasisi tun aikin bai ƙare ba, a ji abin da suke buƙata. A karɓi rasit a kan kowane babban sashe, da sunan shago da lambar da ke jikin ƙarfen. Inji ko shasin da aka goge lambarsa, kome arharsa, a bar wa mai shi kayansa, domin a yankin da ake ƙwace motoci a hanya, bayanin inda ka samo shi zai yi maka wuya a gaban ɗan sanda.